Yadda Likita Zai Gama Bitar Hawan Jini Ba a Auna Nasa Ba

Wannan hanya tabbatacciya ce, matuƙar an bi ta daki-daki. An tsara ta ne dominka, likitan iyali mai shekara ashirin da biyu a bakin aiki, wanda ke auna jinin mutum arba'in a yini, amma rabon da a auna nasa shekara shida ke nan. Lasisinka zai ƙare a ƙarshen wata. Ba za a sabunta shi ba sai da takardar shaidar bitar kwana biyu kan hawan jini, ciwon sukari da asma. A rana ta biyu akwai darasin gwaji, inda mahalarta ke auna juna. Abin da muke so shi ne ka fito da takarda a hannu, ba wanda ya san abin da ke gudana a damtsenka, har kai kanka.

1. Fara daga gida

Da safe matarka za ta tsaya a bakin ƙofa da jakarka a hannu.

"Baban yara, tunda can likitoci ne maƙil, ka sa wani ya duba ka mana. Ciwon ƙeyar nan ya yi yawa."

Ka ce, "Gajiya ce."

"Haka ka ce bara."

"Baran ma gajiyar ce."

Kada ka ƙara ko kalma ɗaya. Ka sani, majinyaci in ya ce gajiya ce, gardama yake yi. Likita in ya ce gajiya ce, ya kammala bincike.

2. Sutura da wurin zama

Sa riga mai dogon hannu, mai matsattsen maɓalli, ka ɗora kwat a kai. Za ka yi gumi. Ka jure.

A zauren, kada ka zauna a gaba, nan ake yi wa tambaya. Kada ka zauna a can ƙurya, nan ake sa wa ido. Nemi layi na uku daga baya, jikin ginshiƙi. Sa hannu a rajista da kyau yadda za a iya karantawa. Wannan ne rubutu ɗaya a rayuwarka da ya kamata a gane.

3. Gyaɗa kai

Mai koyarwar ƙwararriyar likitar zuciya ce, kowa Malama yake ce mata. Duk hoton da majigi ya haska, ka gyaɗa kai sau biyu, a hankali, kamar da kai aka rubuta shi. Sau ɗaya tak za ka ɗaga hannu. Fara da, "A 'yar gogewar da Allah ya ba ni," ka yi minti huɗu kan majinyatan da ba sa shan magani, ba sa zuwa awo, ba sa jin magana. Kada ka sa tambaya a ciki. Za a tafa maka.

4. Nemi abokin awo

Wannan ne ginshiƙin shirin. A hutun shayi ka nemo Dogo, wanda kuka yi makarantar likitanci tare. Tsayin yana nan, faɗin ne sabo. Za ka same shi yana barbaɗa wa dafaffen ƙwai gishiri.

"Mutumina, gobe ni da kai."

"Nawa kake so?"

"Na kullum."

"Ɗari da ashirin bisa tamanin. Ni ma haka za ka sa mini."

"Allah ya bar zumunci."

Kada ka tambaye shi rabonsa da awo. Shi ma ba zai tambaye ka ba. Da irin wannan kawaici aikin likita ya kawo yau.

5. Safiyar rana ta biyu

Sa hannu, ka ajiye jaka a kan kujera, ka fita baranda ka amsa waya har ƙarfe goma. Ba abin da ake faɗa kafin ƙarfe goma wanda ba ka sani ba. Za ka tarar da rabin ajin a barandar.

6. Awon kansa

A rubuce yake a allo: mutum ya zauna minti biyar, ya jingina baya, ƙafa biyu a ƙasa, ba magana, ba a ɗaura abin awon a kan riga. Kai a ɗakin duba marasa lafiya daƙiƙa arba'in kake yi, a kan riga, kana tambayar mutum ya yara. Ka bar wannan a cikinka.

Dogo zai ɗaura maka a kan kwat, ya bar mafitar iskar a buɗe, ya matsa robar hura iskar sau biyar don a ji huci, ya dubi silin kamar mai sauraro, ya rubuta. Ka rama masa. Ku miƙa takardu, ku koma jikin ginshiƙi.

7. In Malama ta tsaya ƙirga takardu

Takan yi hakan. Za ta jera su a tebur, ta cire tabarau.

"Ranku ya daɗe, takarda talatin da takwas na karɓa. Ashirin da tara sun ce ɗari da ashirin bisa tamanin. Ko dai ba ɗakin da ya kai wannan lafiya a duniya, ko kuma ba a ji darasin safe ba."

Darasin safen, kamar yadda za ka ji daga na kusa da kai, ya ce awon gaskiya ba ya ƙarewa da sifili kullum, kuma lamba mai kyau da yawa hannun likita ne ya yi ta, ba jijiyar majinyaci ba. Kada ka zargi mataki na biyar. Ka zargi sauran ashirin da bakwai ɗin, da ba su da basirar zaɓen wata lamba.

Daga nan za ta fito da na'ura mai aunawa da kanta, ta ce ba takardar shaida sai kowa ya zauna.

"Bari mu fara da manyanmu. Yallaɓai na jikin ginshiƙi, bismillah."

8. Uzuri, bi da bi

"Yanzu na sha shayi."

"Za mu jira rabin awa, yallaɓai."

"Hannun rigar ba ya naɗuwa."

"Ga labule can, a cire ta."

"Akwai majinyata suna jirana."

"Akwai kuwa. Shi ya sa."

Ka zauna. Minti biyar ɗin nan da ba ka taɓa ba kowa ba, yau za ka san tsawonsu. Na'urar za ta matse, ta saki, ta nuna ɗari da saba'in da shida bisa ɗari da huɗu. Ka ce a sake. Za ta nuna ɗari da saba'in da uku bisa ɗari da biyu. Ka tambaya ko an duba lafiyar na'urar. An duba, makon jiya.

Saura makami ɗaya. Ka yi gyaran murya ka ce sananne ne, wasu jininsu kan hau da zarar sun ga likita.

Dogo zai ce daga bayanka, "Kai da kullum kake ganin likita a madubi?"

Za a yi dariya. Bar shi. Shi ne na gaba, kuma nasa ɗari da sittin da tara ne bisa casa'in da takwas.

Malama za ta rage murya, yadda kai kaɗai za ka ji. "Yallaɓai, da majinyacinka ne, me za ka ce masa?"

Ka san amsar. Ka faɗe ta sau dubbai. Ka dubi takalminka.

Za ta ba ka takardar shaidar, da wata farar takarda mai layi goma sha huɗu: awon gida, safe da yamma, kwana bakwai, sannan ka je ta gan ka. Ka lura, rabin alkawarinmu ya cika.

9. Kwana bakwai a hannun matarka

Ita za ta riƙa aunawa, don ta ce ba ta yarda da rubutunka ba. Ta karanta ƙa'idojin sau ɗaya ta haddace.

"Jingina. Sauke ƙafar."

"Ai na san..."

"Ba a magana."

Kada ka sa ran za ta ce dama ta faɗa. Ba za ta ce ba. Za ta dai ɗauke gishiri daga kan tebur a gabanka, a hankali, ta sa a kabad ta rufe.

10. Karɓo magani a ɓoye

Bayan Malama ta rubuta maka ƙwaya, kada ka karɓa a asibitinku. Tuƙa mota zuwa kantin magani mafi nisa, ka shiga layi, ka sunkuyar da kai. A nan za ka ji an ce, "A'a, Likita!"

Tela ne, majinyacinka, shekara goma sha biyu kana duba shi. Ashe shagonsa na bayan kantin.

"Wa ka zo karɓa wa?"

"Wani ɗan'uwa."

Zai leƙa kwalin da ke hannunka. "Ai irin tawa ce. Allah ya ba shi lafiya. Ka gaya masa kullum ake sha, ko ya ji garau. Masu dainawa su ake kawowa a kwance, kai ka faɗa mini."

"Zan gaya masa."

"Ni fa, Likita, tun da na fara ban tsallake rana ɗaya ba, kuma wallahi ba don ciwon ba ne, tsoron faɗanka nake ji." Zai karɓi ledarsa, ya juyo. "To shi ɗan'uwan naka, faɗan wa zai ji tsoro?"

Wannan jagora ba ta tanadi amsar wannan tambaya ba.

Sanarwa

Mai wannan shafi ba likita ba ne, kuma bai ɗauki alhakin lasisinka, ƙeyarka, ƙodarka ko zumuncinka da Dogo ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya ƙare da shan ƙwaya ɗaya kowace safiya, shi ya kai damtsensa. Masu ƙorafi su kawo shi a rubuce, bayan sun zauna minti biyar, sun jingina, ba magana.