Yarjejeniyar da Ta Cinye Takinmu

Da wani malamin makaranta ya zo hayar sashen marigayi Baba, yayana ya ce a kira dattawa su shaida. Na ce an wuce wannan zamanin. Na sauko da yarjejeniya daga intanet, muka sa hannu, ina ta hura hanci.

Ashe akwai sharaɗin mai haya ya kwashe duk dattin gida. Bawan Allah ya cika alƙawari. Takin awakin da muka tara duk rani don gonarmu, ya kira maƙwabcinmu Malam Sule ya kwashe da jakuna.

Da kaka rumbun Malam Sule ya cika, namu ko rabi bai kai ba. Yayana ya daina kula ni.

Malam Sule kuwa har yau gaisuwarsa ɗaya: "Lauya, yaushe za a sake shara?"