Yadda Na Nutsar Da Jirgin Yaƙin Kawu

Har yanzu in na ji tarin Kawu a zaure sai gabana ya faɗi.

Kawu tsohon sojan yaƙin Burma ne. A Sabon Gari ya sayo kwalin 'yan katakai, ya yi watanni yana manna su da gam har suka zama ɗan jirgin ruwan yaƙin Japan. Ko ƙuda bai yarda ya sauka a kansa ba.

Ranar da ya tafi ɗaurin aure, Inna ta ce abin nan ba zai tsaya kan ruwa ba. Ni da na yi sakandare? Na zuba mata bayanin kimiyya, na cika baho, na ɗora shi.

Ya tsaya kuwa, har gam ɗin ya jiƙa. Bindigogin suka zube, jirgin ya karkata, ya nutse. Ina tsamo katakai, sai ga sallamar Kawu.

Ya daɗe yana kallon bahon.

"Na gaskiyar, sai da Amurka ta turo jiragen sama kamar fara kafin ya nutse," ya ce. "Ke baho ɗaya!"

Labari ya bazu. Yanzu ɗan ga-ruwan unguwarmu a Fagge in ya hango ni sai ya rungume garwarsa: "Amurka, a yi haƙuri!"