Bunsurun da Ya Shiga Hotona

Komai tsufana, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe hotona a gaban Gwaggo Asabe ba. Lokacin kuɗin fetur sun fara shigowa, na samu aikin akawu a Keffi, kaina ya kumbura. Ina neman Hajara, amma maganar aurenta tana hannun wannan gwaggo tata ta Garaku, ga kuma abokin takara da ya riga ya kai musu hotonsa na situdiyo.

Na ce ni na fi ƙarfin hoton kowa da kowa, da fenti za a zana ni. Na tafi wurin Mista Okon, mai rubuta allunan shaguna, wanda aka ce ya karanta zanen zamani. Na sha babbar riga, na zauna ina hura hanci. Shi kuwa ko kallon rigar bai yi ba.

"Oga, wane mafarki kake yawan yi?" in ji shi.

Ni kuma bakina ba linzami, na zayyane masa: wani bunsuru yana korata a cikin kasuwa, ina gudu ba wando, ina ƙwala wa Inna kira. (Wallahi na ɗauka hira ce don kada in yi gyangyaɗi.)

Da Gwaggo ta shigo gari, na kwaso ta ita da Hajara sai shagon, ban ko leƙa aikin ba tukuna. Okon ya yaye ƙyallen. Jama'a, ba fuska, ba hula, ba riga! Wani jan abu ne mai kusurwa uku, da da'ira a kansa mai ido ɗaya, da sanduna biyu a ƙasa, ga ƙahoni suna shawagi kusa da wata.

Gwaggo ta karkata kai ta ce, "Ɗan nan, ina kake a ciki?"

Kafin in ƙirƙiro ƙarya, Okon ya ɗauki sanda cike da alfahari. "Mama, wannan shi ne. Wannan ƙafa, babu wando. Wannan bunsuru, kullum yana kora shi. Wannan baki, yana kira mamansa."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajara ta cusa gyale a baki, kafaɗunta na rawa. A raina na riga na sallama ta, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Gwaggo ta yi dariya har da hawaye, sannan ta daɗe tana kallon zanen.

"Innar taka tana raye?"

"Ta rasu tun ina ƙarami, Gwaggo."

Ta gyara mayafi. "Allah ya jiƙanta. Namijin da har yanzu uwarsa yake kira in ya tsorata, ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. Ka turo manyanka."

Na samu Hajara, girma dai na rasa shi, don har gobe in na fara faɗa sai in ji tana kwaikwayon kukan bunsuru daga kicin. Abin da na koya shi ne, in mai zanen zamani ya tambaye ka mafarki, ka ce masa barcinka nauyi gare shi.