Cingam a Firizar Goggo Asta

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je har shagon mai gyara na zazzage shi a kan ɓarnar da na yi da hannuna ba. Ni dai an san ni a unguwarmu ta Lokuwa, a Mubi: ba ni da haƙuri, kuma magana ba ta kwana a bakina.

Da na gama sakandare, Goggo Asta, ƙanwar babana, ta ɗauke ni ina taya ta a shagonta na kunun aya da zoɓo. Rannan za ta je Mugulbu gaisuwa, ta miƙo mini makulli ta ce, "Yau ke ce Hajiyar shago." Murna kamar in yi tsalle. Ga babban aiki a hannu: wasu mata sun sa mu yi musu kunun aya na walima, za su zo ɗauka washegari da safe. Wanda ya san kunun aya ya san halinsa, in ya rasa sanyi na ƴan awoyi sai ya yi tsami ya kumbura a roba. Sunan Goggo ne a kan kunun nan, kuma ni ta bar wa.

Na zo jera robobi a babbar firiza, sai na tarar ƙanƙara ta yi kauri a bango ta cinye wuri. Goggo ta sha gaya mini a kashe firiza a bari ta narke da kanta. Ni in zauna ina kallon ƙanƙara tana narkewa? Na ɗauko wuƙar yanka citta. Sara ɗaya, sara biyu, ƙanƙara na zubowa, ina jin daɗi har da ƴar waƙa. Can sai na ji "tssss", iska na fita ta wani ɗan rami a bangon.

Na leƙa waje, babu kowa. Akwai cingam a bakina, mai ruwan hoda. Na ciro shi na danna a ramin da babban yatsa, ƙarar ta yi shiru. Wallahi a lokacin ji na yi babu mai basirata a duk Mubi. Na jera robobi na rufe wurin.

Kafin la'asar injin na ta gurnani ba ya hutawa, amma sanyi sai raguwa yake. Nan na tuna makon da ya wuce Baba Bukar ya zuba wa firizar gas. Dattijo ne ɗan Barno, shi ke gyara firjin rabin unguwar. Kafin keke ya sauke ni a shagonsa na gama yarda da kaina cewa cingam ɗina ya kama, gas ɗinsa ne ba shi da kyau (kada ku tambaye ni yadda aka yi, ni ma ban sani ba).

Mutane na zaune a benci. Ban ko gama sallama ba na ce, "Baba, gas ɗin da ka zuba mana na jabu ne. Kwana bakwai ya ƙare? Ko iska ka hura mana?"

Ya ɗago a hankali. "Kai yarinya, ka gaishe ni tukuna." (A wurin Baba Bukar kowa "kai" ne, har matarsa.)

Ya ɗauki jakarsa. Mutum biyu daga bencin suka biyo mu, wai su ga jabun da idonsu. Muna isa sai ga Goggo ta dawo. Maimakon in yi shiru, na sake maimaita mata ƙarar, har da ƙari.

Baba ya jona agogon awonsa, allura ta kwanta. Ya ce, "Gas kam babu. Amma wannan ba na girki ba ne da zai ƙare, sai in ya samu ƙofa. Kwashe robobin."

Tunda aka haife ni ban taɓa yin aiki a hankali irin na ranar ba. Roba ɗaya-ɗaya nake cirowa ina addu'a. Ya kaɗa ruwan sabulu, yana bin bango da soso yana neman inda zai yi kumfa. Bai ma sha wahala ba. Ga abu nan ruwan hoda, da zanen yatsana a jiki ɓaro-ɓaro.

Ya ɓamɓaro shi, ya kai hanci ya shinshina. "Hajiya Asta, firizan ka ya fara cin cingam ne?"

Mutanen benci suka kwashe da dariya, ɗaya har da dafa ƙofa. Goggo kuwa bakina kawai take kallo. Sai a lokacin na gane ina taunar wani cingam ɗin, ɗan kwali ɗaya da wancan. Na haɗiye shi.

Da gudu na je na sayo ƙanƙara muka kwashe kunu a kuloli. Baba ya busar da wurin, ya goge, ya kwaɓa wani gam na ƙarfe ya liƙe ramin. Bakina da ba ya jin magana ya ce, "Ashe ban yi nisa ba, Baba. Gam ne da cingam."

"Nawa ba a tauna shi," in ji shi.

Washegari da sassafe ya dawo, ya canza filta, ya zuƙe iskar da ta shiga, ya zuba sabon gas. Kunu ya tsira, matan suka ɗauka da sanyinsa. Goggo kuwa ta tasa ni gaba har shagon Baba, ta ce in ba shi haƙuri a gaban bencin nan, da irin muryar da na yi masa ihu. Na bayar, har masu wucewa suka tsaya.

Abin da na koya shi ne, kafin in je yi wa wani ihu, in fara tsayawa in tambayi kaina abin da na taɓa tun safe. Haƙuri kuwa har yau ban koya ba. Shi ya sa duk ranar narkar da ƙanƙara Goggo take kulle wuƙaƙe a durowa, ta aike ni kasuwa.