Cindo da Kwamin Maƙera

A Tsamiyar Dogo akwai wani tsohon maƙeri, Baba Maiwada, mai 'ya'ya biyu. Ladidi ta kwashe wayon gidan kaf, ta yi aure a maƙwabta. Cindo kuwa ƙato ne mai gemu, ƙarfi kamar ingarma, amma abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Bara da bazara Baba ya taɓa yanke jiki ya faɗi a bakin wuta, don haka da zafin bana ya kankama, Ladidi ta ɗora wa Cindo tsaron ransa.

Wata rana ta ce, "Cindo, kada ka kuskura ka bar Baba cikin rana." Da tsohon ya tashi zuwa kasuwa, sai gogan ya ciccibo rufin rumfar maƙera ɗungurungum, ya ɗaga bisa kan uban, ya bi shi. Ya ture tiren mai mangwaro, ya kwashe rawanin dillali. Baba yana zagi yana sauri, rumfa na biye da shi har gida.

Wata rana kuma ta ce, "Ka riƙa ba shi ruwa ko bai ce yana jin ƙishi ba." Ran nan Baba ne waliyyin amarya a wurin ɗaurin aure. Ya buɗe baki ke nan zai ce ya bayar, Cindo ya kafa masa moɗa. Tsoho ya ƙware, ya yi ta tari, dangin ango suka ɗauka an fasa. Da ƙyar liman ya kwantar da rigimar.

Wata rana, rana ta take tsaka, ko tsuntsu ba ya motsi, Baba ya kafe sai ya gama fartanyun mutane kafin ruwan shuka. Ya nuna wa Cindo babban kwamin ruwan da ke gefe, ya ce, "Kai, duk abin da ya yi zafi a nan, tsoma shi a ruwa. Kada ka tambaye ni." Cindo ya yi ta tsoma ƙarafa. Can sai maganar Baba ta soma sarƙewa, guduma ta suɓuce, ya sulale ƙasa. Cindo ya taɓa goshinsa, ya ji kamar garwashi. Bai tambayi kowa ba. Ya sungume shi ya zaunar cikin kwamin har wuya, ya tallafe kansa a sama.

Ladidi ta sheƙo tana kururuwa. "Wayyo Allah, ka kashe mana uba! Fito da shi!"

"Bai huce ba, Yaya," in ji Cindo, ya ƙi sakinsa.

Malamin asibitin da aka ɗauko a kan babur ya duba tsohon, ya ce zafi ne ya buge shi, kuma ba don an sanyaya jikinsa nan take ba, da ba a kai shi asibiti da rai ba. Ladidi ta zube ƙasa tana kuka. Ni kaina da na gani, sai da idona ya cika.

Baba ya buɗe ido a hankali. Cindo ya sunkuya ya ce, "Baba, in ka huce, in mai da kai wuta ne, ko in jera ka da fartanyu?"

Tsohon ya dube shi, ya kama hannunsa.

"Jera ni, ɗan albarka. Wutar nan ta ishe ni bana."