Ranar da Na Nuna wa Mutanen Isa Ribosom

Gab da ƙarshen mulkin Turawa ina aiki a ɗakin shan magani na Isa. Wani likita da ya zo rangadi ya bayyana mini cewa a cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ribosom, waɗanda jiki ke haɗawa daga ɓari biyu, babba da ƙarami, kamar dutsen niƙa da ɗansa. Sai sun haɗu sannan su fara ƙera furotin mai gina tsoka. Ya kuma ce madubin duba ƙwayoyin cuta na ɗakinmu ba ya iya nuna su. Wannan maganar ta ƙarshe ban ba ta muhimmanci ba.

Ranar kasuwa na yi alkawari a gaban manoma cewa za ni nuna musu. Kwana uku ina ɓare fatar albasa ina dubawa da madubin, har na ga ɗigo-ɗigo bibbiyu. Na tara mutane suka yi layi, ina ta bayani, hannuwana a baya.

Baba Nomau, wani tsohon manomin gero, ya leƙa ya daɗe.

"Malam, cire albasag ga."

Na cire. Ɗigon suna nan daram.

Ya hura gilashin madubin, ya goge da bakin rigarsa, ya sake leƙawa. "Sun tafi. Ƙaiƙayin gero ne, ɗana. Mata na shiƙa bayan katangarku."

Na roƙi a ba ni mako guda. Babu wanda ya dawo.

Har yau in na ratsa masussuka, sai wata ta ɗaga faifai ta ce, "Malam, kawo buhu, ga ribosom ɗinka na tashi!"