Afnan ta Likoro da Saminu Masanin Suna

"Ku kawo mini kowane suna a duniya, ni Saminu zan gaya muku ma'anarsa, da garin da aka fara raɗa shi, har da ranar!"

Haka yake cika baki a tashar Makarfi, inda yake cajin waya. Abokina, ilimin mutumin nan bai cika cokali ba, amma bakinsa ya fi ƙofar gari faɗi.

Shekara biyu yana neman Rahama, wata bazawara a Likoro, saura kawai uwarta ta ce to. Wata Laraba aka yi sunan 'yar Ukasha, yayan Rahama. Gogan naka ya tsaya gugar babbar riga, bai iso ba sai da aka feɗe rago, saboda haka sunan yanka bai shiga kunnensa ba. Ya dai ji mata suna ta "Afnan, Afnan."

Ya zauna a zaure, ya ɗaga murya yadda za a ji har cikin gida.

"Afnan! Sarauniya ce a Istanbul. Ita ta ƙetare tekun Maliya da raƙumi a kafaɗa. Har kabarinta na ziyarta."

Ukasha ya ce, "Yaushe? Kai da ko Zariya za ka sai ka yi amai a mota?"

"A waya na ziyarta."

Liman Ahmadu ya ce a hankali, "Afnan dai rassan itatuwa ne. Larabci ne, yana cikin Suratur Rahman."

Saminu ya ce, "To ai a kan reshe aka haife ta, Allah gafarta Malam."

Mai hankali da nan ya tsaya. Shi kuwa sai ya ƙara: "Ko ma mene ne, sunan wayayyu ne. Ba irin na tsofaffin ƙauye ba, su Mukarrama, wanda ko akuya ka raɗa wa sai ta ƙi cin dusa."



Ukasha ya ce, "Sunan yarinyar ke nan. Sunan mahaifiyarmu aka mayar. Ba ma iya faɗa, shi ya sa muke sakayawa da Afnan."

Allah sarki. Kullum Saminu yana durƙusa wa tsohuwar nan, bai taɓa jin an kira ta da komai ba sai Inna.

Daga bayan katanga muryarta ta fito, ba ko fushi: "Ukasha, gaya wa baƙo akuya ta ji, ta gode. Ka ce masa kuma 'yar akuya ta fi ƙarfin bunsurun tasha."